Noman Burokoli a Lambun Gida: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Wannan bayani ne a kan wani ganye da ake kira burokoli, domin Hakimai su san abin da za su faɗa wa dagatai da masu unguwanni idan masu lambu sun zo da tambaya, musamman a ƙasar Kumbotso, wajen Panshekara da bakin kogin Challawa.

Burokoli ɗan'uwan kabeji ne, asalinsa kuwa daga ƙasar Italiya. Bambancinsu shi ne, kabeji ganyensa ake ci, shi kuwa wannan tohon furensa ake yanka tun bai buɗe ba. Akwai wani irinsa mai yawan reshe, watau idan an yanke kan tsakiya sai ƙananan kawuna su yi ta fitowa daga gefe, mai lambu ya yi makonni yana tsinka. Shi ya fi dacewa da gida, gama tushe goma sha biyu sun isa iyali.

Amma a lura, mai reshen nan iri biyu ne. Akwai mai launin shunayya wanda mutanen Ingila ke shukawa da bazararsu, ya kwana cikin sanyin hunturu, kana su girbe shi daga Fabrairu zuwa Afrilu. Yawancin wannan ba ya fure sai ya sha sanyi mai tsanani na makonni, irin wanda Kano ba ta da shi. Wanda ya saye shi ganye kawai zai gani, ya yi hasarar wahalarsa. Koren nan mai saurin nuna shi ne namu. A kan tsaunukan Jos ana noma shi da sauƙi saboda sanyin ƙasar, amma mu nan ba mu da wani lokaci sai hunturu.

Saboda haka lissafin kwanaki shi ne rabin aikin. A zuba iri a ɗan fangali cikin Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, a yi masa rumfar kara don rana. In ya yi mako huɗu ko biyar, ya fid da ganye huɗu, sai a yi dashe da yamma, a bar ƙafa biyu tsakanin tushe da tushe. Bayan kamar kwana 60 zuwa 80 da dashe kan tsakiya zai haɗu, watau cikin Janairu. A yanke shi da wuƙa tun yana kore a dunƙule. In ya fara nuna rawaya, an makara. Wanda ya jinkirta shuka har Disamba, zafin Maris zai riske shi, kan ya watse ya zama fure.

Yana son ruɓaɓɓen takin shanu ko na kaji, da ban ruwa kullum. Maƙiyansa su ne darɓa da wata 'yar koriyar tsutsa mai huda ganye, wadda masu kabeji suka sani sarai. A riƙa duba bayan ganye ana tsince ta da hannu, a kuma yayyafa ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana.

To, ga babbar maganar da ta sa aka rubuto wannan takarda, ita ce maganar ruwa. Masana'antun jima da na rini da ke Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna sakin dagwalonsu, na Sharaɗa ya bi rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuwa ya bi rafin Getsi zuwa Jakara. A jimar zamani ana amfani da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam, kuma binciken masana ya sha samun sa, tare da dalma, a cikin ruwan nan da ƙasar da aka shayar da shi. Mai lambu yakan ce ruwan nan taki ne, don ya ga ganye ya yi shar. Gaskiya ne ganye yakan yi kyau, amma abin da saiwa ta zuƙa wanki ba ya fid da shi, dahuwa ma ba ta kashe shi, kuma a hankali yake taruwa a jikin mai ci, yara ne kuwa suka fi cutuwa.

Don haka lalle ne lambun gida ya sha ruwan famfo, ko na rijiyar da ba ta kusa da magudanar masana'anta. Kada a ɗebo ƙasa daga bakin kwatar nan, kada kuma a sa tarkacen fatu ko tokarsu a matsayin taki. Inda ake shakkar ƙasar gida, a kawo wata daga gona mai nisa a cika buhuna ko rabin duro a shuka a ciki.

Ana roƙon malaman Hakimai su rubuta sunayen unguwannin da ke ban ruwa daga waɗannan magudanai, da yawan lambunan, su miƙa wa malamin gona na ƙaramar hukuma kafin watan Oktoba ya kama.