Lalacewar Layin Sadarwa da Yadda Ake Gano Inda Ya Lalace

Tun daga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, wata jita-jita ta samu gindin zama a yankin: da zarar kira ya ƙi shiga ko na'urar POS ta ƙi fitar da kuɗi, sai a ce an sake katse sabis, wasu har su ƙara da cewa ai wani hari ne ke tafe. Wannan magana tana tayar da hankalin mutanen da dama a tsorace suke, alhali a mafi yawan lokuta lalacewar layi ce, wadda injiniyoyi ke da tsayayyen tsarin gano ta.

Ƙarfen sabis da ake hange a bakin gari ba shi kaɗai yake aiki ba, domin duk abin da ya karɓa daga wayoyin jama'a yana miƙa shi ne ga wani ƙarfen ko ga cibiyar kamfani, ko dai ta farantin rediyo da ke fuskantar ɗan'uwansa, ko ta wayar gilashi da aka binne a ƙasa. Saƙon yana tafiya a jere, ɗaya bayan ɗaya, cikin ƙananan alamomi da ake kira bit, kowanne sifiri ne ko ɗaya. Tsohon layin da ake kira E1, wanda aka daɗe ana haɗa ƙarafan sabis da shi, yana ɗaukar bit 2,048,000 a kowace daƙiƙa.

Kuskuren masu jita-jitar shi ne zaton da suke yi cewa layi hali biyu kawai gare shi, ko yana raye ko an kashe shi. Ba haka abin yake ba. Layi yana iya kasancewa a kunne, waya tana nuna sanduna cike, amma wasu bit suna jirkicewa a hanya, sifiri ya isa a matsayin ɗaya, kuma yawan wannan jirkicewa ake aunawa. Idan bit ɗaya ne ke ɓaci cikin miliyan, wato kusan biyu a daƙiƙa a kan E1, ana ɗaukar layin a matsayin wanda ya fara rauni, ko da yake mai kira ba lallai ya lura ba. Idan kuwa ya kai ɗaya cikin dubu, murya takan kakkarye, hada-hadar kuɗi ta tsaya, na'urori su ɗauki layin a matsayin matacce. Sandunan da ke kan waya ƙarfin da ke tsakaninta da ƙarfen sabis kawai suke nunawa, ba su da labarin abin da ke bayan ƙarfen. Rufewar gangan kuma ba ta zuwa da safe ta tafi da hantsi, ba ta bin ruwan sama, ba ta barin saƙon rubutu ya wuce ta hana kira. Duk wanda ya ga waɗannan alamu ya ci gaba da yaɗa cewa an katse sabis, to ya zaɓi surutu ne a kan lura.

Hanyar farko ta bincike ita ce gwajin mayarwa, wato a haɗa bakin aikawa da bakin karɓa ta yadda abin da na'ura ta tura zai dawo mata. A ƙaddara ƙarfen wani ƙauye a Sabuwa yana bi ta ƙarafa biyu kafin ya kai Funtuwa: injiniya zai fara mayarwa a jikin na'urar da ke gabansa, idan saƙo ya dawo lafiya sai ya matsar da wurin mayarwar zuwa zango na gaba, har ya iso inda saƙon ya daina dawowa daidai, kamar mai bin bututun ruwa gaɓa gaɓa yana neman inda ya tsage. Da yawan na'urori ana iya ba su wannan umarni daga nesa, abin da ke da muhimmanci a yankin da hawa hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara kan zama kasada.

Hanya ta biyu ita ce gwajin yawan kuskure, inda na'urar gwaji ke tura sanannen jeri, galibi mai tsawon bit 32,767 da ke maimaita kansa, sannan ta ƙirga waɗanda suka dawo a jirkice. Gwajin minti 15 a kan E1 yana ratsa bit sama da biliyan 1.8, amma matsalar da ke zuwa tana tafiya sai an bar gwaji na awa 24. Sanadin kan kasance ruwa da ya shiga mahaɗar waya, ko iska da ta karkatar da faranti, ko mamakon damina, ko tsawa.

Ga matasan da ke wannan sana'a, abin takaici ne yadda wasu ke sauya na'ura bayan na'ura ba tare da sun auna komai ba. Ya kamata a fara duba wuta da batir da janareto, a gwada igiyar gwajin kanta kafin a yarda da ita, a saka kuskure ɗaya da gangan don a tabbatar na'urar tana ƙirgawa, a rubuta sakamako da lokacinsa. A kuma sani cewa mayarwa ba ta nuna ko a tafiya aka samu ɓaci ko a dawowa, kuma tana iya ɓoye saɓanin agogo tsakanin na'urorin ɓangarori biyu, don haka sai an ƙara da gwaji daga wannan baki zuwa wancan. A cire mayarwar idan an gama, domin wadda aka manta tana barin layi yana nuna lafiya alhali babu kiran da ke wucewa.

Jama'ar gari kuma taimakonsu shi ne su faɗi lokacin da matsalar ke faruwa, da unguwar, da layin kamfanin da abin ya shafa, su kai ƙorafi ga kamfanin, idan ba a saurare su ba su kira lambar 622 ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa. Masu haƙa a gefen titi su tambaya kafin su sa diga, masu sayen batir da wayar tagulla a kasuwa su tambayi asalin kayan, domin tun 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.