Taici da Cigong: Abin da Bincike Ya Gano Game da Faɗuwar Tsofaffi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke rasa rayukansu kowace shekara sanadiyyar faɗuwa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan adadi suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Zamewa ɗaya a banɗaki ta isa ta karya wa dattijo ƙashin ƙugu, ta kwantar da shi har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya tsira ba karaya ma bai tsira duka ba, domin tsoro kan shige shi ya rage tafiya, ƙafafu su ƙara rauni, faɗuwa ta biyu ta zo da sauƙi fiye da ta farko. Wannan matsala ce ta sa likitoci suka waiwayi wasu hanyoyin motsa jiki biyu na ƙasar Sin, wato taici da cigong.

Taici dabarar faɗa ce tun asali. Mafi yawan masana tarihi suna danganta shi da ƙauyen Chenjiagou da ke lardin Henan, inda ake cewa wani tsohon soja mai suna Chen Wangting ya tsara shi a ƙarni na 17. A ƙarni na 19 Yang Luchan ya koyo shi daga zuriyar Chen ya kai shi birnin Beijing, sannan jikokinsa suka sassauta shi har ya zama tafiyar nan ta sannu a hankali da aka fi sani a yau. A shekarar 1956 hukumar wasanni ta Sin ta fitar da taƙaitaccen tsari mai motsi 24 domin amfanin jama'a, a 2020 kuma UNESCO ta sanya taici cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada.

Cigong ya girme shi nesa ba kusa ba, duk da cewa sunan bai zama ruwan dare ba sai a shekarun 1950, lokacin da Liu Guizhen ya shigar da shi wuraren jinya na gwamnati. A 1973 an tono wani ƙyallen siliki a kabarin Mawangdui da ke lardin Hunan, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗauke da zanen mutum 44 suna miƙa da lanƙwasa jiki. Bambancinsa da taici shi ne sauƙi: motsi kaɗan ne ake maimaitawa, yawanci a tsaye wuri guda, ana haɗa su da jan numfashi a natse. Tsarin da ya fi yaɗuwa, Baduanjin, motsi takwas ne kacal.

Likitancin gargajiya na Sin yana bayyana amfanin hanyoyin biyu da wani ƙarfi da ake kira ci, wanda aka ce yana gudana cikin jiki ta wasu magudanai, toshewarsu kuma ita ce cuta. Kimiyya ba ta gano wannan ƙarfi ba, ba ta kuma ga magudanan ba. Sai dai kuskuren bayani bai zama hujjar rashin amfani ba, kuma gwaje-gwajen da za a ambata a nan babu wanda ya nemi mahalarta su yarda da aƙidar ci.

Shi motsin kuwa yana da bayanin da ilimin jiki ya gamsu da shi. Tsayuwar ɗan Adam ta dogara ne da abubuwa uku: gani, da ma'aunin daidaito da ke can cikin kunne, da saƙon da jijiyoyin tafin ƙafa da idon sawu da gwiwa ke aika wa ƙwaƙwalwa game da inda kowace gaɓa take. Tsufa yana dusasar da dukkansu. Mai taici yana tsayawa gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, ya tattara nauyinsa kan ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar ya ajiye ta ba tare da ya ɗora mata nauyi ba, sai daga baya ya mayar da nauyin kanta kaɗan-kaɗan yana juya ƙugu. A tafiya ta yau da kullum, lokacin da mutum yake kan ƙafa ɗaya ɗan ƙiftawar ido ne, kuma saurin takun ne ke ɓoye raunin. Taici yana tsawaita wannan lokaci da gangan. Tsokar cinya tana aiki ba hutu, idon sawu yana ta gyara, hankali yana biye da kowane taku. A taƙaice, dattijo yana gwajin halin da ake faɗuwa a cikinsa sau ɗaruruwa, amma cikin saurin da zai iya sarrafawa. Da wannan ake iya fahimtar dalilin da ya sa hujjar taici a kan faɗuwa ta fi ta cigong ƙarfi, tun da cigong bai cika ɗaga ƙafa ba.

Gwajin da ya fara jawo hankali shi ne na Steven Wolf da abokan aikinsa na Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka, wanda aka buga a 1996. Mutum 200 ne masu shekara 70 zuwa sama, kuma waɗanda suka yi taici na mako 15 haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kashi 47.5 cikin ɗari, tsoron faɗuwa ma ya ragu. A 2018 Fuzhong Li ya gwada tsofaffi 670 masu haɗarin faɗuwa a jihar Oregon, suna atisaye na awa ɗaya sau biyu a mako har mako 24. Rukunin taici ya samu raguwar faɗuwa da kashi 58 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu miƙa jiki kawai, da kashi 31 idan aka kwatanta da masu haɗa nau'o'in motsa jiki daban-daban. Adadi na biyun ya fi nauyi, domin da motsa jiki na gaske aka gwada shi. Shi dai Li ɗin, a 2012, ya nuna cewa taici ya inganta tsayuwar masu cutar Fakinsan, mai sa karkarwa, cikin gwaji na mutum 195.

Amma gwaji ɗaya ko biyu ba sa yanke hukunci. Lokacin da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2019, ta samu cewa taici na iya rage yawan faɗuwa da kimanin kashi 19 cikin ɗari, ta kuma ce tabbacin hakan mai rauni ne, alhali atisayen daidaiton jiki na yau da kullum ya rage ta da kashi 24 bisa tabbaci mai ƙarfi. Ke nan taici ɗaya ne daga cikin hanyoyi masu kyau, ba wanda ya fi kowa ba. Akwai kuma cikas da babu yadda za a kauce masa: a gwajin magani ana iya ba wa wasu ƙwayar bogi ba su sani ba, amma mai yin taici ya san yana yi, kuma kyakkyawan zato kaɗai na iya sauya amsar da zai bayar game da ciwo ko barci.

Bayan faɗuwa, inda hujja ta fi tsayawa shi ne ciwon gwiwa mai zaizaye guringuntsi. Chenchen Wang ta Tufts da ke Boston ta kwatanta taici da gashin ƙashi na asibiti a kan majinyata 204 a 2016, sakamakon ya zo kusan daidai wajen rage zafi, masu taici kuma suka fi samun sauƙin baƙin ciki. A kan hawan jini da damuwa da rashin barci akwai alamu masu kyau, sai dai da yawan gwaje-gwajen ƙanana ne masu gajeren lokaci. Da'awar cewa cigong yana warkar da ciwon daji, ko cewa wani gwani na iya tura ci daga tafinsa zuwa jikin majinyaci, ba ta da madogara, kuma haɗarinta shi ne mutum ya ajiye maganin asibiti.

Illar taici kaɗan ce, galibi ciwon tsoka ko na gwiwa ga wanda ya durƙusa fiye da ƙarfinsa ko ya murɗa gwiwa tafin ƙafarsa na kafe. Ba ya buƙatar na'ura ko filin da ya wuce tsakar gida, abin da yake buƙata shi ne malami da naci. Sakamakon Oregon na waɗanda suka yi awa biyu a mako har kusan wata shida ne, a gaban mai koyarwa da ke gyara musu taku. Dattijon da ke yawan jin jiri, ko wanda ya taɓa faɗuwa ba tare da tuntuɓe ba, ya kamata likita ya fara duba jininsa da idonsa da magungunan da yake sha, domin wani lokaci dalilin faɗuwar yana can, ba a ƙafa ba.