Daga Tashe Zuwa Dandamali: Kalmomin Wasan Kwaikwayo

Yaron da ya tashi a Ibeto ko Kontagora, in ya taɓa kallon tashe cikin watan azumi, to, ya san wasan kwaikwayo tun kafin ya shiga aji. Wanda ya ɗaura gemun auduga ya dogara sanda, yana tafiyar tsofaffi, ɗan wasa ne. Ƙofar gidan da aka tsaya ita ce dandamali, matan gida da yara kuwa su ne 'yan kallo. Amma sau da yawa yaron nan kan zauna jarrabawar Hausa ya kasa amsa tambaya a kan abin da ya sani sarai, don kawai bai san sunansa ba.

Kalma ta farko ita ce jigo, watau saƙon da marubuci ke son isarwa. Alal misali, Shu'aibu Maƙarfi ya gina Jatau Na Kyallu, wanda ya fito cikin 1960, a kan attajirin da ya auri karuwa ta watsa masa gida. Wannan shi ne labarin. Jigon kuwa gargaɗi ne ga mai yin aure ba bincike. Ɗalibai da dama a nan suke tuntuɓe, a tambaye su jigo su kama ba da labari.

Sai zubi da tsari, watau yadda aka jera al'amura, wannan ya haifi wancan. Akan raba wasa kashi-kashi, kowane kashi kuma a raba shi fitowa-fitowa. In wuri ko lokaci ya sake, an shiga sabuwar fitowa ke nan. Tauraro shi ne wanda wasan ya rataya a wuyansa. Salo kuwa shi ne irin maganar da aka sa a bakin kowa, don maganar alƙali dabam take da ta ɗan kasuwa.

Abin da ya raba wasa da ƙagaggen labari shi ne, marubucin wasa ba shi da bakin yin bayani. Sai dai ya ɗan nuna wurin da ake da wanda ya shigo, sauran kuwa magana da aikin 'yan wasa ne za su bayyana shi.

Rubutaccen wasa bai daɗe ba a ƙasar Hausa. Wasan Marafa na Abubakar Tunau ya fito cikin 1949, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina cikin 1979. Tashe da wasan gauta da kalankuwa duk sun girme su nesa. Saboda haka malamin da ya fara darasi daga tashen unguwa, sa'an nan ya buɗe littafi, ya sauƙaƙa wa ɗalibansa aiki ƙwarai.