Kafin A Fitar Da Iri, A Taɓa Ƙasa

Yau zancenmu na ƙasa ne da laimarta. Kada ki ce ina ruwan mai kulle da zancen gona. Irin da za a shuka a ɗakinki ya kwana tun kaka, cikin tukunya da toka. Wata gonar ma taki ce ta gado, da kuɗin ƙuli-ƙulinki za a biya 'yan ƙwadago. In shuka ta ƙone, ke za a dawo wa a ce a ƙaro iri.

Ruwan farko mayaudari ne. A yi iska da tsawa, ƙamshin ƙasa ya cika gida, indararo ya yi ta zuba, da safe yara su ɗauki sungumi. Alhali wani ruwan bai ratsa ƙasa ya wuce gaɓar yatsa biyu ba. Gero ya tsiro cikin kwana uku, saiwarsa ta gangara ta tarar da busasshiyar ƙasa, rana ta buɗe mako guda, shi ke nan an yi asara. Masana aikin gona a yankinmu sukan ce ruwan shuka shi ne wanda ya kai milimita 20 cikin kwana uku. To, wa ke da ma'aunin ruwa a tsakar gida? Hannunki ya isa. A ƙasar jigawa, irin wannan ruwan yakan jiƙa wajen taƙi guda, kuma abin da za ki nema ke nan.

Tunda ba fita za ki yi ba, aiki yaro. Ya bari sai gari ya waye bayan ruwan, ya je tsakiyar gona, ba gindin gawo ba, ba kwarin da ruwa ke kwanciya ba. Ya tona da fartanya, ya duba inda duhun laima ya tsaya, ya auna da kara. Sa'annan ya ɗebo ƙasar can ƙasa, zurfin taƙi, daga wuri biyu ko uku, a kwano mai murfi. Kada ki gwada da ta tsakar gidanki. Daɓe ne, ruwa bisa yake gudu.

Da ya kawo, ki cika tafinki ki dunƙule, ki buɗe. Kin san garin dambu in an yayyafa masa ruwa daidai? Ya dunƙulu, shatin yatsunki ya fito, in kin taɓa shi ya warware. Jigawa mai laima haka take, har ki ji sanyinta a fata, ta bar miki ɗan datti a tafi. In ta zube ta tsakanin yatsu kamar gishiri, mayar da irinki tukunya, ko da maƙwabta sun fita. Ƙasar laka kuwa, irin ta fadama, a murza ta ake yi tsakanin babban yatsa da manuniya. In ta miƙe kamar taliya ba ta karye da wuri ba, akwai laima. In ta manne miki kamar ƙullin waina, tana sheƙi, ruwa ya yi yawa, a ba ta kwana ɗaya ko biyu.

Na san akwai masu binne gero tun kafin ruwa. Wannan caca ce da wasu ke ci, domin ƙwayar gero ƙarama ce, mudu ɗaya ya yi nisa. Amma gyaɗa da wake, ni dai ba na goyon bayan a yi wasa da su. Irinsu tsada, ga shi suna buƙatar laima sosai kafin su fasa. Su jira sai ruwa ya zauna.

Sai lambunki na bayan ɗaki, inda kuɓewa da yakuwa da barkono suke. Nan kam ido yakan ruɗe mu. Ki ga saman ƙasa ya yi fari, ki kwarara ruwan da kika saya wajen mai garuwa, alhali ƙarƙashi jiƙe yake sharkaf. Cusa manuniyarki har ta nutse, nesa kaɗan da gindin shukar. In kin ji sanyi, ƙasa ta biyo yatsan, ajiye ruwanki. Ganyen kabewa yakan yi laushi da tsakar rana ko da akwai laima. Da yamma zai miƙe. Wanda kika tarar a langaɓe da sassafe, shi ne mai ƙishi na gaske. In kuwa ganyen ƙasa na yin ɗorawa kuma ƙasar na jiƙe kullum, saiwa ce ta rasa iska, ki ɗaga mata ƙafa.

Ki baza ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a gindin shuka, laima za ta daɗe. Amma ki riƙa ɗagawa kina leƙawa, saboda gara ma tana son wurin.