Ƙudan Da Ke Farautar Tsutsar Kara

Kowane manomi na ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ya san ɓarnar tsutsar kara. Sai ka ga dawa ko gero ya tashi kore shar, sa'an nan zuciyarsa ta bushe, ko kuwa iska ta kaɗa, kara ya karye. In ka tsaga karan sai ka iske tsutsa ta rarake cikinsa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori cikin shekarar 1978, har masarar rani ba ta tsira daga gare ta ba.

To, amma ita ma tsutsar nan tana da abokin gāba, watau wani irin ƙuda. Ya yi kama da ƙudan gida, sai dai jikinsa duk gashi ne tsaitsaye. Masana suna kiransa Sturmiopsis parasitica, ana samunsa a ƙasashen Afirka ta Yamma. Ba ya cizon mutum ko dabba. Abincinsa ruwan fure ne, amma 'ya'yansa ba su rayuwa sai cikin jikin tsutsa.

Watakila ka ce, yaya ƙuda za ya ga abin da ya ɓuya cikin kara? Ai ba da ido ya ke nema ba, da sansana ya ke nema. Hancin ƙuda ba irin namu ba ne. Waɗansu 'yan ƙahoni biyu ne a goshinsa, da su ya ke jin wari. Ɗanɗano kuwa, har da tafin ƙafarsa ya ke yi.

Ga yadda farautar ta ke. Shukar da tsutsa ta ci takan fid da wani wari dabam da na lafiyayyar shuka, shi ne ke jawo ƙudajen wannan dangi daga nesa. Ita kuma tsutsa, sa'ad da ta ke ci, takan turo kashinta waje ta bakin raminta, kamar dusa. Wannan shi ke tona asirinta. Da macen ƙudan ta sauka a kansa, ta sansana, ta taka shi, sai ta tabbata mai ɗaki na ciki. Nan take ta zuba 'ya'yanta a bakin ramin, don ƙwanta a cikin cikinta ya ke ƙyanƙyashewa.

'Ya'yan nan ƙanana ne ƙwarai. Su rarrafa cikin ramin har su cim ma tsutsa, su huda fatarta su shige. Suna ci suna girma, har ta mutu. Sa'an nan su fito su shiga ƙwanso, bayan 'yan kwanaki su zama ƙudaje, su tashi neman wata.

An gwada wannan a Amurka cikin 1978, da wani ɗan'uwan ƙudan nan mai farautar tsutsar rake. Aka ga kashin tsutsa kaɗai ya isa ya sa macen ta zuba 'ya'yanta, ko da ba ta ga tsutsar ba.

To, ina amfanin sanin wannan? Ka lura, tsutsa tana ɓoye cikin kara, ƙuda kuwa yana waje. Wanda ya fesa maganin ƙwari bayan ta riga ta shige, mataimakinsa ya ke kashewa, ɓarawon ya bari. Saboda haka kada ka yi feshi sai ka shawarci malamin gona. Kuma ka sani, tsutsar takan kwana rani cikin karan da a ke danga da shi, ta zama malam-buɗe-littafi na dare da damina, ta koma gona ta yi ƙwai. In ka ɗan babbaka karan da kaka kafin ka yi aiki da shi, ka rage ta ke nan, sauran kuwa ƙuda ya taya ka.

Ashe ba kowane ƙuda ne abin kora ba. Allah bai halicci kome a banza ba.