Haɗin Gwiwar Gwamnati Da 'Yan Kasuwa Wajen Raya Birane: A Kan Wane Sharaɗi?

A farkon watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, motocin rusau suka fara aiki a Kano. An rushe gine-ginen da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula da kantunan da ke kewaye da Filin Idi. Sabuwar gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, masu gine-ginen kuwa suka ce da takardun hukuma suka zuba jarinsu. A watan Satumbar wannan shekara Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnati ta biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Ba nufina ba ne in yanke hukunci tsakanin gwamnatocin biyu. Abin da ya dame ni shi ne asarar da ta hau kan kowa: mai jari ya rasa gininsa, ɗan tireda ya rasa rumfarsa, baitulmali ya ɗauki nauyin diyya, birni kuma ya tashi da tarin ɓaraguzai. Wannan ne sakamakon haɗin gwiwar da aka ƙulla ba tare da jama'a sun san sharuɗɗansa ba.

Babu shakka gwamnati ita kaɗai ba za ta iya raya biranenmu ba. Kano da Kaduna da Sakkwato suna faɗaɗa fiye da ƙarfin kasafin kuɗin jihohinsu, alhali albashi da bashi suna cinye kaso mai tsoka na abin da ke shigowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a mafi yawan irin wannan yarjejeniya, abin da gwamnati ke sakawa shi ne fili, kuma fili ba mallakar gwamna ba ne. Sashe na farko na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, domin amfanin dukkan 'yan Nijeriya. Wanda aka ba amana kuwa, wajibi ne ya iya bayanin abin da ya yi da ita.

Bari in ba mai karatu misali daga Alƙahira, birnin da ya yi kama da Kano ta fuskar tsufa da cunkoso da tsohuwar ganuwa. A gefen unguwar Darbul Ahmar akwai wani juji da aka shafe kimanin shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzai. A 1984 Aga Khan ya bayyana niyyar gina wa birnin wurin shaƙatawa, cibiyarsa ta raya al'adu kuma ta haɗa hannu da hukumar birnin, wadda ta ba da filin. An kashe kusan dala miliyan 30, aka buɗe Lambun Azhar mai faɗin hekta 30 a 2005. Wajen haƙa aka tono wani dogon sashe na ganuwar zamanin daular Salahuddin Ayyubi, aka gyara shi. Aikin ya shiga cikin unguwar kanta: aka gyara gidaje da masallatai na tarihi, aka koya wa matasa sana'ar gini da sassaƙa, aka ba masu ƙananan sana'o'i rance. Filin ya ci gaba da zama na hukuma, kuɗin shiga kuma ke ɗaukar nauyin kula da shi.

Na san za a ce Aga Khan mai taimako ne, ɗan kasuwa kuwa riba yake nema. Gaskiya ne, kuma akwai masu sukar kuɗin shigar da cewa yana yi wa talaka nauyi. Amma darasin yana nan: an fara tantance abin da birni ke bukata, sannan aka nemi mai kuɗi, kuma ba a kori mazauna wurin don a ƙawata shi ba. A kwatanta wannan da Maroko a Legas, inda gwamnatin soja ta rushe unguwar a Yulin 1990, aka raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallinsu, filin kuma ya koma unguwar masu hannu da shuni.

Saboda haka nake ganin akwai sharuɗɗa huɗu da ya kamata majalisun dokokin jihohinmu su mayar doka.

Na farko, taswira ta riga ciniki. Kano ta taɓa samun tsarin shekara ashirin, wanda Trevallion ya shirya don 1963 zuwa 1983. Birnin yau yana bukatar tsari mai ƙarfin doka da zai fayyace wuraren da ba a taɓawa ko nawa aka taya: makarantu, maƙabartu, filayen idi, hanyoyin ruwa, kududdufai da ganuwar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu. Kududdufin da aka cike aka yi kantuna a kai, da damina ruwansa gidajen maƙwabta yake komawa.

Na biyu, a buga kowace yarjejeniya a fili: ƙimar filin, wanda ya ƙiyasta ta, kamfanonin da suka nema, kason gwamnati da tsawon wa'adi. Tarayya tana da dokar irin wannan haɗin gwiwa tun 2005, amma filayen birane a hannun jihohi suke, don haka can ne ake bukatar tsauri.

Na uku, a fifita haya mai wa'adi a kan sayarwa, domin filin da abin da aka gina a kai su dawo hannun jama'a.

Na huɗu, a rubuta haƙƙin waɗanda aka tarar a wurin. Idan za a sabunta kasuwa, a ƙirga 'yan kasuwar, a tanadar musu matsuguni na wucin gadi, a ƙayyade farashin da za su koma a kai. Kasuwar da aka gyara ta fi ƙarfin masu ita, korarsu aka yi da sunan gyara.

Waɗannan sharuɗɗa kariya ce ga mai jari kansa. Yarjejeniyar da aka ƙulla a idon jama'a, majalisa ta amince da ita, da wuya gwamnati mai zuwa ta tura mata motar rusau. Wadda aka ƙulla a ɓoye kuwa, ranta yana rataye ne da sakamakon zaɓe mai zuwa, kuma babu bankin da zai ba da rance mai sauƙi a kan irin wannan. Ya rage ga ƙungiyoyin masu tsara birane da na 'yan kasuwa da malaman jami'a su kai wannan bukata gaban majalisa tun kafin a sa hannu a kan fili na gaba.