Zumunta a Ƙafa Take: Hutun 'Yan'uwanmu Mazauna Ƙetare a Paraku da Jugu

Da zarar damina ta kankama, watan Yuli ya kama, makarantun Turai suka rufe, sai gidaje da yawa a Paraku da Jugu su shiga wani irin shiri. A share ɗakin da ya daɗe a kulle, a shanya katifa, a sake wa zaure fenti, tsohuwa kuwa ba ta da zance sai na ranar da jirgi zai sauka. Ɗan gida ne zai zo hutu daga Jamus ko Faransa ko Italiya ko Amurka, wani kuma daga Gabon ko Saudiyya. In ya sauka filin jirgin sama na Kwatano, akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 400 a mota kafin ya ga Paraku, tunda jirgin ƙasa ya daina ɗaukar fasinja tun cikin shekarun 2000. In ɗan Jugu ne kuma ya bi ta Paraku, sai ya ƙara kimanin kilomita 130 a kan haka.

Duk wannan wahala da kashe kuɗi don abu ɗaya ake yi, wato sada zumunci. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa sada zumunci sababi ne na yalwar arziki da albarkar rayuwa. Amma duk wanda ke zaune a unguwanninmu ya san akwai gidajen da wannan ziyara take ƙarewa da ɓacin rai, akwai kuma waɗanda ɗansu ya shekara bakwai ko goma bai zo ba, alhali yana da lafiya, yana da takardu, yana da kuɗin jirgi. Ya kamata mu tsaya mu duba abin da ke jawo haka, domin laifin bai tsaya a ɓangare ɗaya ba.

Gadon fatake

Tafiya neman arziki ba baƙon abu ba ce a garuruwan nan biyu. A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fatake na tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su tsallake kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Jugu, wadda magabata ke kira Zugu, kafin su wuce Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro. Suna tafe da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, madugu na gaba. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci har kusan shekara. Daga irin wannan masauki ne unguwannin Zango suka samo sunansu, har da Zangon Paraku. Wasu fataken suka zauna, suka yi aure cikin Dandawa da Bargawa, suka zama kakannin da yawa daga cikinmu.

Ke nan mu 'ya'yan matafiya ne, kuma al'adar tsaraba daga can muka gaje ta. Sai dai tsarabar farke ba ta wuce abin da jakinsa zai iya ɗauka ba: ɗan goro ga liman, ɗan turmin zane ga uwa, ɗan abin taɓawa ga yara. Mutanen gida sun san irin hanyar da ya biyo, sun san 'yan fashi da kuɗin fito da cututtukan da ya tsallake, saboda haka dawowarsa da rai ita ce babbar tsaraba. Yau wahalar matafiyi ta ɓuya daga idon mutanen gida. Ba sa ganin sanyin asuba a tashar jirgin ƙasa, ba sa ganin aikin dare a ɗakin ajiyar kaya ko wankin kwanuka a gidan abinci. Hoton da ya aiko ta waya kawai suke gani.

Nauyin tsaraba

Tun shekarar 1999 Yuro ɗaya yake daidai da sefa 655 da 'yan ɗigo. Yuro 100 ke nan ya haura sefa 65,000, alhali mafi ƙarancin albashin wata a Benin, bayan ƙarin da aka yi a watan Janairu na 2023, sefa 52,000 ne. Wannan lissafi shi ne ke cikin kan mai jiran tsaraba. Abin da bai shigar a lissafinsa ba shi ne kuɗin haya da haraji da inshora da na dumama ɗaki, waɗanda ke cinye albashin can tun kafin wata ya raba.

Saboda haka mai zuwa hutu kan fara tara kaya tun watanni shida kafin tafiya: wayoyi, turare, takalma, shadda, magungunan ciwon ƙafa na tsofaffi. Wasu har bashi suke ci a banki. Da ya iso kuma, tun bai warware gajiya ba zaure ya cika. Wannan ya zo da takardar asibiti, wancan da kuɗin makarantar yara, wani aure zai yi, wani jari yake nema. Kowace buƙata gaskiya ce, amma aljihu ɗaya ne. Kafin mako biyu baƙo ya fara ɓuya a ɗaki, ya kashe waya, wani ma ya koma kwana a otal. Wanda ya samu ya raina, wanda bai samu ba ya yi fushi. Shi kuma ya koma da niyyar ba zai sake zuwa ba sai ya tara abin da zai wadaci kowa, ranar da ba ta taɓa zuwa ba.

A nan ne asara take. Tsofaffi ba sa jiran a gama tara kuɗi. Sau nawa muka ga ɗa ya iso bayan an yi sadakar bakwai, ya tarar da tabarmar makoki maimakon fuskar mahaifiyarsa? Hanya ma ba kullum take buɗe ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Annobar korona ta tsayar da jirage a 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, masu dangi a Doso da Maraɗi suka koma tsallake kogi da kwale-kwale. Wanda Allah ya ba dama bana, ya zo bana, ko da jaka ɗaya ce a hannunsa.

Mu mutanen gida kuma sai mu sassauta. Abin da ya fi dacewa shi ne babban gida, uba ko baffa ko yaya, ya karɓi abin da baƙo ya ware, ya raba shi bisa sanin halin kowa, a fara da iyaye da marayu da marasa lafiya. Hakan na rufa wa baƙo asiri, yana kuma hana gaba tsakanin ɗakuna. Kada kuma mu manta da waɗanda ba su samu takardun zama ba tukuna, waɗanda in sun fito ba su da hanyar komawa. Rashin zuwansu ba yanke zumunci ba ne, addu'a suke buƙata, ba gori ba.

Abin da ƙanne ke gani

Akwai wani hakki da ke wuyan mai zuwa hutu, wanda ba a cika faɗarsa ba. In ya yi hayar babbar mota na wata guda, yana sauya shadda safe da yamma, yana liƙi a wurin biki, to ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta suna kallo. Yaron da ke aji na ƙarshe a sakandare, ko wanda ke koyon walda ko ɗinki, sai ya ga abin da yake yi ɓata lokaci ne. Jugu da kewayenta sun san yawan samarin da suka kama hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, sun san 'yan matan da aka kai aikatau ƙasashen Larabawa, sun kuma san gidajen da har yau ba su ji ɗuriyar nasu ba.

Kyautar da ta fi waya daraja ita ce yaya ya zaunar da ƙannensa bayan sallar isha'i, ya faɗa musu gaskiya: shekara nawa ya yi kafin ya samu takarda, mutum nawa ke kwana a ɗakinsu, nawa ke saura a hannunsa ƙarshen wata. In akwai mai son fita, a nuna masa hanyar karatu ko ta sana'a mai takarda. Jami'ar Paraku tana nan tun 2001, kuɗin rajistar ƙane ɗaya a cikinta bai kai na hayar motar mako guda ba.

Jikokin da aka haifa can

Babban abin da kaka ke jira shi ne jikokinta. Sai ga su sun zo, ita tana Hausa ko Dandanci, su suna Jamusanci ko Italiyanci, wanda ko Faransancin da zai haɗa su da sauran yaran gida babu. Ta kira jikanta maigidanta don wasa, shi kuwa ya tsaya yana kallon bakin uwarsa. Wannan ba gyaran wata ɗaya ba ne. Iyaye su riƙa magana da harshen gida a can, su koya wa yara gaisuwa da rusunawa da sunayen dangi, su san bambancin goggo da inna, da na baffa da kawu. In sun zo a bar su su shiga makarantar allo ta unguwa da yamma, su raka kaka kasuwar Arzeke, su ci sakwarar sabuwar doya da wagashi a kwano ɗaya da 'yan'uwansu. Dangi kuma su daina yi wa gurguwar Hausarsu dariya, domin yaron da aka kunyata sau biyu ba ya sake buɗe baki.

Sai batun lafiya. Hutun Turai yana faɗowa ne a tsakiyar daminar arewacin Benin, lokacin da sauro ya fi yawa. Wanda ya daɗe a ƙasar da babu zazzaɓin cizon sauro, jikinsa na rasa ɗan sabon da ya yi da cutar, yaran da aka haifa can kuwa ba su taɓa samunsa ba. Likitocin Turai sun daɗe da lura cewa masu zuwa ziyarar dangi su ne suka fi komawa da wannan cuta, domin suna ganin ai gida suka zo. A ga likita kafin tafiya, a sha maganin rigakafi yadda ya tsara har bayan komawa, a kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓin da ya taso bayan an koma, a gaya wa likita daga ina aka fito. Katin allurar shawara ma a tanade shi, yaran da ke da fasfon Turai kuma a nema musu biza ta intanet, wadda Benin ta fara bayarwa a 2018.

Fili da gini

Rigimar da ta fi raba 'yan'uwa ita ce ta gini. Mutum ya shekara biyar yana aiko da kuɗi, ya zo da zumuɗin ganin gida, ya tarar da harsashi ciyawa ta rufe shi. Wani lokaci cin amana ne, wani lokaci kuma kuɗin sun tafi asibiti da abincin gida, aka ji kunyar faɗa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ba ta cire ɗan'uwa ba. A ware kuɗin cefane daban, na gini daban, a riƙa ajiye rasit. Dokar filaye ta 2013, wadda aka yi wa gyara a 2017, ta ɗora rajistar filaye a hannun hukumar ANDF. Kwana biyu daga cikin hutu da za a ba neman takardar mallaka sun fi shekaru na shari'a tsakanin 'ya'ya.

Ladubban isowa da komawa

Sunna ta koyar da cewa matafiyi ya sanar da iyalinsa kafin ya iso, kada ya faɗo musu cikin dare ba zato, ya kuma fara da masallaci ya yi raka'a biyu. A mazhabar Malikiyya yana da damar yin ƙasaru a hanya, tunda tafiyar ta wuce kimanin kilomita 80, amma da ya shiga garinsu sai ya cika salla. Daga nan kwanakin farko na iyaye ne. Bayan su sai a zaga gidajen da aka yi rasuwa a yi ta'aziyya, a gai da marasa lafiya da malamin da ya koya wa mutum karatu, a ziyarci maƙabarta. In akwai ɗan'uwan da aka yi shekaru ba a magana, a fara zuwa wajensa, domin hadisi ya nuna cewa mai sada zumunci na haƙiƙa shi ne wanda ke sadarwa ga wanda ya yanke masa.

Ranar komawa kuma, iyaye mata su yi haƙuri da cusa kilishi da wagashi a akwati, domin ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shiga da nama da kayan nono a jakar matafiyi, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya sun isa. Abin da ya fi kyau a rabu da shi shi ne yafe wa juna da sa albarkar iyaye.

Allah ya kawo matafiyanmu lafiya, ya mayar da su lafiya, ya buɗa wa waɗanda ba su samu zuwa ba, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Amin.